Hayaƙin Salansa: Tambayoyin da Masu Mota Suka Fi Yi Mini a Kaduna

Na fara riƙe sifana ina yaro a Panteka, lokacin da ko ina ka waiga a Kaduna Fijo kake gani, 504 da 505 irin waɗanda kamfanin PAN, da ya fara aiki a Kakuri a 1975, yake haɗawa a wancan lokacin. Maigidana a lokacin yakan tsaya bayan mota ya ce a taka totur, ya dubi hayaƙin, ya shinshina, ya faɗi ciwonta tun ba a ɗaga bonet ba. Yau kwamfuta ce ke raba wa inji mai, kafireto ya kusa zama tarihi, amma abin da ke fita daga salansa yana nan yadda muka san shi. Waɗannan su ne tambayoyin da ake yi mini kusan kowane mako, na rubuta su yadda masu su suke furta su.

Malam, wai me ke sa mota hayaƙi tun farko?

Abu biyu kaɗai ya kamata su ƙone a cikin inji: mai da iska. A motar fetur, kowane kilo ɗaya na mai yana son kilo 14.7 na iska, in aka sami wannan daidaito ba za ka ga komai na fita daga salansa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da zarar ka ga hayaƙi, ko dai wani abu na uku ya kutsa inda ake ƙona mai, ko kuma ma'aunin nan ya karkace. In ruwan lagireto ne ya shiga, fari za ka gani. In baƙin mai ne, shuɗi-shuɗi ko toka-toka. In fetur ne ya fi ƙarfin iska, baƙi.

A nan ne mutanenmu suke ruɗewa, kuma sunan ne ya jawo. Tunda muna ce masa baƙin mai, sai a ɗauka baƙin hayaƙi yake bayarwa. Ba haka ba ne, shuɗi yake bayarwa.

Launi kuma somin taɓi ne. Ni kafin in ce komai sai na san abu huɗu: launin, lokacin da hayaƙin ke fitowa, warinsa, da kuma wane ruwa ne yake raguwa a motar. Wanda ya kawo mini waɗannan amsoshin ya yi mini rabin aiki.

Da asuba motata tana fitar da farin hayaƙi, har ruwa na ɗiga daga salansa. Gasket ne ya ƙone?

Daga Disamba zuwa Janairu wannan tambayar ta fi kowace yawa. Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Kowace lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya, a matsayin tururi. In salansa na da zafi ba ka ganinsa. In ta kwana cikin sanyin hunturu, tururin yana haɗuwa da ƙarfe mai sanyi sai ya fito fili, daidai da yadda bakinka ke tururi in ka fito sallar asuba. Siriri ne, ba ya nisa yake bajewa, kuma kafin ka taso daga Rigasa ka iso Bakin Ruwa ya ɗauke. In haka naka yake, kuma ruwan lagireto bai ragu ba, ka riƙe kuɗinka.

To wane farin ne ya kamata ya tayar mini da hankali?

Wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗau zafi. Yana da kauri, yana bin mota kamar gajimare, kuma kullum sai ka ƙara ruwa alhali ba ka ga inda yake zuba a ƙasa ba. In kulan kake sawa, wato ruwan sanyaya inji na kanti, hayaƙin yana da wani wari mai zaƙi-zaƙi. Amma yawancinmu ruwan famfo muke ɗurawa, shi kuwa ba ya wari, don haka rashin warin ba shaida ba ne.

Ga abin da za ka iya dubawa da kanka a ƙofar gida. Da safe, inji na da sanyi, buɗe murfin lagireto, cika shi, ka tayar da mota. In ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwan na tsalle waje tun inji bai yi zafi ba, iskar cikin silinda ce take shiga ruwa, alamar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya sami matsala. Zaro gejin baƙin mai ka duba: in ya koma kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ya gauraya da mai. Da murfin a rufe, matsa babban tiyon lagireto bayan minti biyu ko uku da tayarwa, in ya yi tauri kamar tayar keke tun da wuri haka, ita ma alama ce. Sannan ka lura ko motar na karkarwa a tashin farko na safe kafin ta daidaita, domin ruwa yakan taru a silinda cikin dare.

Mu a gareji muna kwance fulogi mu jera su. Duk wanda ya fito fes kamar sabo a tsakanin 'yan uwansa masu datti, tururi ne ya wanke shi, kuma a silindarsa ɓarnar take. Akwai kuma wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga ruwa sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma ya fi ƙiyasi nesa ba kusa ba.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi, na ga fuskokin da ruwan ya saɓule. Na biyu, ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai ba lallai ne gasket ba. Motar da ba ta wuce kai yara makaranta a dawo, inji ba ya daɗewa da zafi, takan tara irin wannan gumi. Geji za ka duba.

An canza mini gasket wata uku da suka wuce, ga shi ya sake ƙonewa. Jabu aka sa mini?

Yana yiwuwa, jabun kaya sun cika kasuwa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gasket ba ya ƙonewa haka siddan, zafi ne ke cinye shi, kuma in ba a gano abin da ya kawo zafin ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi. Fanka ce ba ta tashi? Lagireto ne ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya? Famfon ruwa ne fukafukansa suka cinye? Murfin lagireto ne ba ya riƙe iska?

Sai kuma kan injin, wanda muke ce wa tof silinda. A motocin yanzu na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Dole a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna, in ya karkace a kai wa masu injin gogewa su daidaita fuskarsa, a kuma gwada ko ya tsage. Bayan haka a ɗaure kusoshinsa bi da bi da sifana mai ma'auni, yadda kamfanin motar ya tsara. Yaron da ya sa bututu a sifana ya hau kai da ƙarfinsa, gyaran gangar Auzinawa ya yi maka.

Tunda mun zo nan bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mota na sauka daga Kwatano ko Legas, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat, ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin ruwan inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai ai na ƙasar sanyi ne. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka cire tamostat, da sanyin safiya ko a doguwar hanya ba ya kaiwa nan, kwamfuta ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ya cinye da wuri. Bayan shekara biyu mai motar ya zo yana kukan hayaƙi da shan mai, ba zai taɓa danganta su da ɗan ƙarfen da aka jefar ba. Motocin da ke yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke, kuma zafinmu bai kai nasu ba.

Hayaƙin motata shuɗi ne, bakanike ya ce sai an sauke inji an yi ringi. In yarda?

Kada ka yarda tukuna. Wannan ita ce amsar da na fi so mai karatu ya riƙe, domin a nan ake asarar kuɗi mafi yawa.

Bara wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta kawo mini Corolla, hayaƙi kamar ana gasa tsire. An riga an rubuta mata lissafi a wani wuri: ringi, metal, gasket, kuɗin aiki. Na ce, "Hajiya, yaushe abin ya fara?" Ta ce, "Shekaranjiya, Malam." Na ce, "Me aka yi wa motar kafin nan?" Ta yi shiru, sai direbanta ya ce ai juye aka yi ranar Asabar. Na zaro geji, mai ya haura layin sama da kusan tsawon gaɓar yatsa biyu. Yaron da ya yi juyen ya zazzage galan guda, ya ga saura a wani galan, shi ma ya bi da shi, a ganinsa alheri ya yi. Muka rage, muka wanke hanyar iska, direba ya zaga ta Baifas ya dawo, salansa ta ƙone ragowar, shi ke nan. Ringi ba ya lalacewa tsakanin Asabar da Litinin. Ciwo ne mai zuwa a hankali, wata da watanni.

Saboda haka ana farawa ne daga mai araha. A duba ko mai ya yi yawa. A duba ɗan bawul ɗin numfashin inji da ke saman murfin bawul, wanda ake kira PCV. In ya maƙale, inji yakan zuƙi baƙin mai ta hanyar iska ya ƙona, kuma canza shi aikin minti goma ne. In motar mai tobo ce, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, a cire tiyon da ke fita daga tobo a duba ko mai ya kwanta a ciki, a taɓa sandar tobon a ji ko tana girgiza. Sai an wuce waɗannan ake maganar cikin inji.

A cikin injin ma hanya biyu ce, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Ko robobin bawul sun bushe mai na zurara ta sama, ko ringi ya cinye mai na haurowa ta ƙasa.

Yaya ake bambance su ba tare da an buɗe ba?

Da lokacin da hayaƙin ke fitowa. Robar bawul tana yoyo ne sannu a hankali sa'ad da mota ke ajiye, don haka za ka ga curin shuɗin hayaƙi a tashin farko, cikin ƙasa da minti ɗaya ya wuce. Za ka sake ganinsa in ka daɗe kana sulo a cunkoso, misali wajen Kasuwar Gumi da yamma, ka zo tashi. Haka nan in ka gangaro daga gadar Kawo ƙafarka ba ta kan totur, ka sake takawa a ƙasa. Ka sa wani ya bi ka a baya da babur ya gaya maka, domin madubi ba ya nuna komai.

Ringi kuwa da wahala yake nuna kansa. Ka taka, ka ɗau kaya, ka hau tudu, hayaƙi na ƙaruwa da ƙaruwar wuta. Motar ta rage ƙarfi, in ka buɗe murfin baƙin mai tana sulo za ka ji iska na bugo tafin hannunka da ƙarfi, har da hayaƙi.

Hukunci na ƙarshe na ma'aunin kwamfireshan ne. Ana cire fulogi a ɗaura shi a kowace silinda. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin 150 zuwa 200 a ma'aunin psi, gwargwadon irin motar, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada wata silinda ta bambanta da 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. In lambar ta tashi sosai, ringi ne, domin man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. In biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya ɓalle a tsakaninsu. Gwajin duka bai kai awa ɗaya ba. Ka ce a yi shi a gabanka, ka rubuta lambobin. Bakaniken da ya ce ba ya buƙatar ma'auni, kunnensa ya ishe shi, da aljihunka yake caca.

Akwai wani hali guda da ma'aunin ba ya kamawa. Ringin da ke share mai daban yake da masu riƙe iska, yana iya maƙalewa da dauɗa alhali kwamfireshan na nan lafiya. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 ta yi suna da wannan, har Toyota da kanta ta amince da matsalar ta yi wa masu ita gyara a Amurka. Mai irin wannan motar ya riƙa duba geji kowane mako.

Tana rage baƙin mai amma ba na ganin hayaƙi. Ina yake zuwa?

Ko yana zuba a ƙasa, ko yana ƙonewa kaɗan-kaɗan katalis, wato indomin cikin salansa, na cinye hayaƙin kafin ya fito. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. In ya wayi gari a bushe, cika mai zuwa layin sama, rubuta kilomita, ka duba bayan 1,000. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce, da wannan za ka san nawa take sha.

An ce in koma baƙin mai mai kauri 20W-50, ko in zuba maganin nan mai kauri kamar zuma, hayaƙi zai tsaya.

Zai ragu, ba zai warke ba. A tsohuwar Golf 3 ko 504 da ta gama cin duniya, ba na hana mutum, lallaɓawa ce har Allah Ya hore. Amma injin da aka rubuta 5W-20 ko 0W-20 a murfinsa, hanyoyin mansa sirara ne, mai kauri ba ya isa sama da wuri a tashin safe. Ka gudu daga hayaƙi ka faɗa wa ƙarar sarƙar tayimin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dillalai kuma sun san wannan dabarar sarai, za mu zo kansu.

Baƙin hayaƙi take yi, ga shan fetur kamar an huda tanki.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, wannan ne hayaƙin da ya fi saurin kawo mutum gareji, don kullum a gidan mai yake jin zafinsa. Labari mai daɗi shi ne da wuya ya kai ga sauke inji.

Fara da iya kilina, matatar iskar da ke shiga inji. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin unguwanni marasa kwalta tana toshe shi tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa. Ɗaga shi ka dubi rana ta cikinsa, in haske ba ya ratsawa, ya gama aiki. Bayansa sai na'urar da ke auna iskar da ke shiga, wadda ƙura kan lulluɓe siririyar wayarta, sai na'urar da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa, sai ta cikin salansa mai shinshinar iskar da ta rage. Ko wacce ta yi wa kwamfuta ƙarya, fetur za ta ƙara. Nozul ma yakan ƙi rufewa ya yi ta ɗiga, alamarsa ita ce mota ta yi wuyar tashi in tana da zafi, kuma man geji ya riƙa warin fetur. A masu kafireto, cok ne ya maƙale ko fulot ya cika ya tumbatsa.

Fulogi ba ya ƙarya a nan. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne. Ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau.

Tun da na sha mai a wurin 'yan bumburutu ta fara. Mai zai iya jawo hayaƙi?

Ƙwarai. Fetur da aka gauraya da kananzir ko gas, wato man dizal, ba ya ƙonewa duka, sai ka ga fari-fari ko toka-toka mai yaji a ido, mota na sarƙewa. Ba ma a bakin titi kaɗai ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, hukuma ta janye shi, layukan mai suka dawo. In hayaƙi ya fara daidai da shan mai, a zuƙe tankin a canza filta kafin a taɓa wani abu. Wanda kuma aka ɗura wa gas a motar fetur bisa kuskure, kada ya tayar da ita ko sau ɗaya.

Ni Hilux gare ni mai gas. Ai hayaƙi ɗabi'arta ce ko?

Ɗan baƙi kaɗan a tsohuwar mota in ka taka da ƙarfi, ba komai. Amma wanda ke rufe wa na bayanka hanya, kamar yadda tireloli ke yi a hanyar Zariya, ciwo ne. Iska ce ta yi kaɗan ko gas ya yi yawa: iya kilina ya toshe, tiyon tobo ya tsage har kana jin fito in ka taka, nozul ya daina feshi yana zubarwa, bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji ya cika da gawayi, ko kuma an buɗe famfo da gangan wai don a ƙara ƙarfi. Lodin da ya wuce kima shi ma yana kawo shi.

Fari a motar gas yana da wata ma'anar daban. Sau da yawa gas ne ya fita bai ƙone ba, kuma za ka gane shi da yadda yake sa ido hawaye. In da safe ne kawai, hita ne, wato fulogin da ke ɗumama silinda, suka mutu. In bai ɗauke ba, a duba tayimin ɗin famfo, kwamfireshan, da ruwa a cikin gas.

Abu ɗaya mai haɗari da ya kamata kowane direban gas ya sani: in tobo ya saki baƙin mai da yawa, inji yana iya kama shan man nasa ya yi ta hawa da kansa, ka zare makulli bai mutu ba, hayaƙi ya turnuƙe. In mai kulochi ce, taka birki da ƙarfi, sa babbar giya, ka saki kulochi ta mutu. In ba haka ba a toshe bakin iska da katako ko wani abu mai tauri. Ba da hannu ba.

An cire mini indomi, shi ne ya jawo?

Katalis, wanda aka fi sani da indomi, ba ya haifar da hayaƙi kuma rashinsa ba ya haifarwa. Abin da yake yi shi ne ƙone ragowar guba kafin ta fita. In aka cire shi, ɗan hayaƙin da yake ɓoyewa sai ya bayyana, wari ya ƙaru, wutar cek ta kama. Cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake farautarsa. In an ce maka ya toshe sai an fasa, ka tambayi abin da ya toshe shi, domin baƙin mai ko ɗanyen fetur ne ke kashe shi, kuma ka karɓi abinka a hannu.

In na sa kwamfutar gwajin mota ba za ta faɗa mini komai ba?

Tana taimakawa sosai a baƙin hayaƙi. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da wurin soka ta. Lamba P0172 na nufin fetur ya yi yawa, P0300 na nufin silinda na tsallake wuta, P0420 na nufin katalis ya gaza. Amma ba ta ganin ringi, ba ta ganin gasket. Kuma lambar da ta ambaci wata na'ura ba ta ce na'urar ta mutu ba, wataƙila gaskiya take faɗa game da ɓarnar da ke wani wuri. Goge lamba kuma ba gyara ba ne.

Na bi ta cikin ruwa da damina, yanzu tana farin hayaƙi.

In ruwa salansa kawai ya shiga, zai ƙafe cikin 'yan mintuna. Buɗe akwatin iya kilina. In a jiƙe yake, ko motar ta mutu a tsakiyar ruwan, kada ka sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin na dukansa sandarsa ke lanƙwashewa. A jawo ta, a cire fulogi, a fitar da ruwan, a juye mai.

Zan sayi mota ta hannu. Yaya zan kama mai ɓoyayyen hayaƙi?

Je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba. Ɗora hannu a kan inji, in da ɗumi an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. Kai ka tsaya a baya, wani ya tayar. Zura yatsa cikin bakin salansa kafin a tayar: busasshen baƙi kaɗan ba laifi, maiƙo kuwa magana ce. Zaro geji ka murza man a yatsu, in yana jan zare kamar miyar kuɓewa an zuba maganin da muka ambata. Bar ta ta yi sulo minti goma, sannan a taka da ƙarfi sau ɗaya kana kallo. In dillali ya fara cewa, "Alhaji, ai ba mai a ciki," ka saya masa lita biyu, su ne mafi arahar kuɗin da za ka kashe a cinikin.

Ina da tafiya Abuja gobe. Zan iya lallaɓawa da ita haka?

Ya danganta da launin. Mai shuɗi kaɗan za ta kai ka in ka riƙe galan a but, ka tsaya a Kateri ko Tafa ka duba geji. Mai baƙi ma za ta kai, sai dai ka ƙona kuɗi, kana kashe katalis, kuma kana kiran jami'an hanya da hannunka. Mai farin da ke cin ruwa, ko mai tobon da ke zubar da mai, ajiye ta ka hau jirgin ƙasa a Rigasa. Kusan kilomita 190 ne, kuma ba hanyar da mutum zai so ya tsaya a gefen daji yana jiran inji ya huce ba ce.

Ba na ganin hayaƙi, amma ina jin warinsa a cikin mota, yara na cewa kansu na ciwo.

Hajiya, wannan a yau za a duba, ba gobe ba. Salansa ta huje a ƙarƙashi ko a kusa da inji, ko robar ƙofar but ta mutu iska na jawo hayaƙin ciki. Gubar da ke kisa a cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai wadda ke kashe iyali in an kwana da janareto a cikin gida. Warin da kike ji na abokan tafiyarta ne. Kafin ki iso gareji ki sauke gilasai duka, kada a bar yara a ciki da AC mota na tsaye tana sulo, kada kuma a ɗumama ta a rufaffen wuri. In mun ɗaga ta, mukan toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci mu bi bututun da kunne, inda ya huje zai yi ta huci, mai walda ya ɗinke shi ko a canza guntun.